Sunan Malam Haidar a Rumbun Zuri'a

Alƙali Sadiƙ ya rasu a shekarar 1974. Da 2024 ta kama, zuri'arsa suka yanke shawarar yin taron cika shekara hamsin, su kuma buɗe shafin intanet mai ɗauke da sunan kowane ɗa da jika da tattaɓa-kunne, da hotunansu, da abin da aka sani na tarihinsu. Aikin ya faɗa hannun Aƙilu ɗan marigayi Malam Haidar, domin rubuta manhaja ita ce sana'arsa. Ya karɓa da murna. Mahaifinsa ne babba a cikin yaran da suka tashi a gidan Alƙali, shi ya yi jinyar tsohon har ƙarshe, kuma Aƙilu yana so a ga sunansa a inda ya dace.

Aikin bai ba shi wuya ba, saboda wani abu da ya daɗe da tanada. Duk shafin da ke adana sunaye yana da rumbun bayanai a bayansa, kuma magana da wannan rumbu tana bukatar dogayen umarni waɗanda mai rubutu ke maimaitawa a kowane aiki. Aƙilu ya gaji da maimaicin, sai ya tattara umarnin ya rubuta su sau ɗaya a wuri guda, abin da masu sana'ar ke kira laburare. Daga nan duk sabon aiki sai ya ɗauko shi ya ɗora a kan kwamfutar da ke riƙe da shafin. Da shi ya yi wa wani kantin magani aiki a Gama, da wata makaranta a Giginyu. Abin da a da ke cin shafi guda ya koma layi ɗaya.

Ranar Asabar bayan la'asar ya kai aikin gidan baffansa, Alhaji Abdulbaqi, a Nassarawa. Gidan yana cikin waɗanda aka gina wa jami'an Turawa, masu doguwar baranda da tsofaffin itatuwan maɗaci, waɗanda suka koma hannun manyan ma'aikata bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967. Alhaji ya yi ritaya yana babban sakatare, kuma tun daga lokacin ba shi da aikin da ya wuce bin salsalar gidansu. A falon akwai ƙanwarsa Hajiya Maimuna, da ɗansa Nabil ma'aikacin banki, da wasu 'yan uwa da suka zo jin yadda shirin taro ke tafiya.

Aƙilu ya haɗa kwamfutarsa da babbar talabijin. Sunan Alƙali ya bayyana a sama, rassa suka bazu a ƙarƙashinsa, na Haidar a farko daga dama. Aka yi ta sa albarka.

"Aiki ya yi kyau," in ji Alhaji. "To, in an shigar da wani bisa kuskure fa? Sai an rushe ginin duka?"

"A'a, Baffa, ai nan ne daɗin abin yake," in ji Aƙilu, yana jin daɗin tambayar. "Layi ɗaya ne. A rubuta umarnin gogewa, a sa lambar mutum. Laburaren zai bi duk abin da ke rataye da shi, 'ya'ya da jikoki da hotuna, ya kwashe, ba ya barin kufai. A makaranta in ɗalibi ya tafi, da sakamakonsa yake tafiya."

"Sai gwani irinka ke iyawa ke nan."

"Ko Nabil zai iya, Baffa. Na nuna masa rannan."

"Ka ji, wai ko Nabil," in ji Nabil yana dariya. "Na gode da yabo, injiniya."

Alhaji ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa. "To, madalla. Akwai kuskure guda. Cire Haidar."

Aƙilu ya ɗauka bai ji daidai ba. Ya dubi talabijin, ya dubi baffansa.

Abin da Alhaji yake nufi ba ɓoyayye ba ne, sai dai an yi shekaru ba a furta shi. An haifi Haidar a Ringim a 1946, mahaifinsa wani falke ne da ya rasu yana jariri. Uwarsa ta auri Alƙali a 1949 ta zo da shi a goye, daga baya ta haifi Abdulbaqi da Maimuna. Da aka kai Haidar elementare a 1953, malamin da ke ɗaukar sunaye ya yi abin da aka saba a zamanin, ya rubuta yaro da sunan wanda ya kawo shi. Haka ya zama Haidar Sadiƙ a makaranta, da wurin aiki, da takardar fansho, har ya koma ga Allah.

"Baffa, uwarku ɗaya," in ji Aƙilu a hankali.

"Ban musa ba. Amma wannan ba shafin zuri'ar Inna ba ne, na Alƙali ne. Agola agola ne, ko ya yi shekara ɗari a gida. Addini ya hana a jingina mutum ga wanda ba ubansa ba. Ko kana so malamai su zo taro su ga mun yi wa Alƙali ƙarya?"

"Yaya, shi fa ya yi wa Baba wanka," in ji Hajiya Maimuna.

"Ya yi. Ina Ingila ina kwas, aka binne ubana, wani ya tsaya a wurina yana karɓar gaisuwa. Na sani sarai, Maimuna, ba sai kin tuna mini ba."

Hajiya ta sunkuyar da kai ta ci gaba da jan carbi. Sauran 'yan uwa kowa ya sami abin dubawa a wayarsa. Aƙilu ya nemi a bar sunan a gefe, a rubuta cewa ɗan riƙo ne. Alhaji ya ce bishiya ba ta da gefe. Ya nemi a jira sai bayan taro. Alhaji ya ce saboda taron ake yi.

"Ni dai ba zan iya ba, Baffa."

"Ba a tilasta maka ba. Ai ka sauƙaƙa mana. Nabil."

Nabil ya jawo kwamfutar gabansa, ya leƙa talabijin ya ga lambar da ke ƙarƙashin sunan. Yana bugawa da yatsa biyu yana karantawa a fili. "Haka ne ko, injiniya? Kada in ɓata maka aiki." Aƙilu yana kallon layin, kuma daidai yake, babu harafin da ya kauce. Nabil ya danna.

Reshen dama ya ɓace. Haidar ya tafi, da Aƙilu, da ƙannensa Sakinatu da Imran, da 'ya'yansu. Sauran rassan suka matso suka cike wurin, kamar yadda ya tsara su yi.

Alhaji ya mayar da tabarau ya sa aka shiga nuna masa shafukan ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo nasa, ya ɗaga hannu.

"Ina hoton sallar 1960? Wanda nake zaune kusa da Alƙali?"

Shi ne hoto kaɗai da ya rage na Alƙali tare da yaransa. A akwatin Haidar aka same shi, saboda haka Aƙilu ya rataye shi a sunan mahaifinsa, hoton kuwa ya bi shi da aka goge sunan.

"Ya tafi tare da shi, Baffa."

"Dawo da shi. Kana da wani a ajiye, na san halin masu aikinku."

Aƙilu ya buɗe ajiyarsa ya fito da hoton, ya rataye shi a sunan Alhaji. Hoton ya cika talabijin. Alƙali yana zaune da rawani, Abdulbaqi da Maimuna ƙanana a gefensa, a bayansu kuma saurayi ɗan shekara goma sha huɗu yana tsaye, hannunsa a kan kujerar tsohon, yana murmushi.

"Wannan na bayan," in ji Alhaji, "mutane za su tambaya. Ko dai a yanke shi, ko a rubuta a ƙasa ko wane ne."

"A rubuta sunansa, Baffa. Haidar kawai."

"Sunan da babu shi a bishiya ruɗani zai kawo. A rubuta: Alƙali Sadiƙ da 'ya'yansa biyu, da wani yaron gida."

"Yankewa ta fi sauƙi," in ji Nabil. "Ko ni zan iya."

Aƙilu ya daɗe yana duban fuskar. In aka yanke, hannun nan kaɗai zai saura a kan kujera, ko shi ma a shafe. In aka bari, duk jikan da ya buɗe shafin zai ga mahaifinsa ya karanta abin da ke ƙasa. Ya jawo kwamfutar kafin Nabil ya kai mata hannu, ya rubuta kalmomin yadda aka faɗa masa, ya adana.

Alhaji ya matso ya karanta har ƙarshe, ya gyaɗa kai.

"Allah ya yi albarka. Ranar taro ka zo da wuri, kai za ka riƙa nuna wa baƙi."