Kakanni Bakwai Kafin Ƙarfe Biyar

Ranar da bututun ɗumama azuzuwa ya fashe, aka rufe firamaren ƙauyen na kwana ashirin. Malama Salkin ba ta yarda yara su naɗe a bayan murhu su manta da karatu ba. Kowace safiya sai ta turo aiki ɗaya ta waya, a yi shi a gida, a mayar mata da hoto ko murya kafin ƙarfe biyar na yamma. Wanda bai tsallake ko rana ɗaya ba, shi zai kaɗa ƙararrawa ranar komawa, a gaban kowa.

Akilai 'yar aji biyu ta sa ƙararrawar nan a rai. Uwarta Jipar ta fi ta sawa. Ita kuwa Ene, kakar yarinyar kuma surukar Jipar, da farko cewa ta yi shirme ne. Kwana uku da farawa, ita ke tashin kowa tun duhu bai gama washewa ba.

Sun auna ɗaki da taku, na Akilai sha huɗu, na Ene sha tara saboda gwiwa. Sun cika kofi da dusar ƙanƙara suka ɗora a murhu, ruwan da ya fito bai kai rabi ba, Ene ta ce an cuce su. Sun shuka wake a auduga, ya tsiro a bakin taga, aka kori kyanwa daga ɗakin har abin da hali ya yi. Kwana sha tara, ba fashi.

Safiyar kwana na ashirin Jipar ta ɗora wayar a kan tulun man shanu na bakin taga, don nan kaɗai take kama sabis. Muryar Malama ta fito.

"Yau mai sauƙi ne, tunda na ƙarshe ne. Kowa ya jero kakanninsa bakwai na wajen uba, daga babansa zuwa sama. Da baki, ba tuntuɓe."

Jipar ta dubi Ene. Ene ta dubi shayinta. Sai dariya ta kubce wa Jipar, ta toshe baki da gefen ɗankwali.

A yankinsu na At-Bashi, al'ada ce matar da aka auro ba ta kama sunan mazan gidan mijinta, rayayyu ko matattu. Ranar da aka kawo ta ake jero mata sunayen, don ta san abin da ba za ta ƙara faɗa ba. Jipar shekararta goma tana kauce musu. Ene, wadda ita ma auro ta aka yi, shekara hamsin da ɗaya. Namijin gidan ɗaya ne, baban Akilai, shi kuma yana can bayan dutse da garken dawaki, inda waya ba ta zuwa, sai bayan kwana tara.

"Ene, faɗa mini mana," in ji Akilai, ta buɗe littafi.

"Rubuta," Ene ta ce. "Babanki. Sai Mai Tari, Allah ya jiƙansa. Sai Soja. Sai Mai Raƙuma, sai Gajeren Tsoho, sai Mai Ruwa, sai Na Can Sama."

Yarinyar ta rubuta har Mai Raƙuma sannan ta ɗago. "Sunansa ke nan?"

"Tura wa Malama haka," Jipar ta ce, kafaɗunta suna rawa. "Za ta manna shi a bango."

"Ke kelin, dariyar me kike?" Kelin shi ne sunan da Ene ke kiran matar ɗanta da shi tun zuwanta.

"Ba komai, Ene. Tari ne."

"To Mama ta rubuta mini a takarda," in ji Akilai. "Ai ba faɗa ta yi ba."

"Hannun kelin da bakinta uwarsu ɗaya," Ene ta ce.

"A tambayi tsohon nan na gidan liman. Ya san na kowa," Jipar ta ce.

Ene ta ajiye kofi. "A ce gidan nan ya je aron kakanni a maƙwabta? Kafin azahar an kai labarin har birnin Narin. Gishiri ake ara."

Leɓen Akilai na ƙasa ya fara turowa. Jipar ta kalli agogon bango, tara da rabi, ta ga kamar ƙararrawar tana yi musu nisa.

"Mu ne ba ma faɗa," ta ce a hankali. "Ita 'yar gida ce. Kuma ta iya karatu."

Ene ta yi mata wani dogon kallo. Sai ta cusa hannu a wuyan riga ta zaro makullin akwati.

Akwatin Ene ba a buɗe shi sai biki ko mutuwa. Aka sauke barguna goma sha ɗaya da ke kansa. Ƙamshin maganin asu ya cika ɗakin. Takardar auren Jipar ce ta fara fitowa, Akilai ta bi layi da yatsa.

"Esentur ɗan Orozali."

"Biyu," in ji Jipar.

Ene ta gyara zaman ɗankwalinta kamar marigayi mijinta da aka ambata ya shigo ɗakin. "Ya fi daɗi a bakinki," ta ce wa yarinyar. "Shi da kansa da tari yake haɗa shi."

A can ƙasa, cikin tsumma, akwai lambar yabon yaƙi ta Soja da 'yar takardarta, ta yi ja don tsufa. Rubutun hannu ne mai lanƙwasa, da harshen Rasha. Akilai ta yi ta fama, tana haɗa baƙi da baƙi, matan biyu sun sa ta a tsakiya suna gyaɗa kai in ta kama hanya, suna tsaki in ta kauce. Da ta furta wani abu da bai yi kama da sunan mutum ba, Ene ta dafe ƙirji ta ce Soja ya juya a kabarinsa. A ƙarshe ya fito: Tuloberdi ɗan Mambetkul.

"Huɗu!" Akilai ta yi tsalle a kan barguna. Jipar ta kama hannun surukarta ta girgiza kamar 'yan kasuwar dabbobi sun gama ciniki, sannan ta tuna ko hannun wa ta riƙe, ta saki.

Gajeren Tsoho bai bar takarda ba. Amma yana da takwara, mai shagon bakin hanya, wanda saboda haka matan gidan suke ce masa Mai Sikeli. Bayan sun sha shayin rana da soyayyiyar fulawa, Jipar ta ɗaura wa jaki katakon da suke jan ruwa da shi a kan ƙanƙara. Ene ta ce ba za a bar ta a gida ba. Aka naɗe ta da bargo aka zaunar da ita a tsakiya kamar buhun gari.

A ƙofar shagon suka tura yarinyar ciki, su suka laɓe a bayan tagar.

"Baike, yaya sunanka?" Akilai ta tambaya, da kalmar da ake girmama babba namiji.

Mai shagon ya leƙo ta saman sikeli. "Ke Akilai, ni na kai uwarki asibiti a motata ranar da za a haife ki. Yau kike tambayar sunana?"

"Ni Mai Sikeli na sani."

"Wa ke ce mini haka?"

"Ene da Mama."

A waje Jipar ta cusa fuska a bargon Ene. Ene ta sa mata gwiwar hannu a haƙarƙari, ita ma jikinta na kaɗawa.

"Jumakadir," mutumin ya ce. "Ki gaya wa kakarki na hango ɗankwalinta, kuma sikelina lafiyarsa lau."

"Kora jakin nan," Ene ta ce.

Na shida ya fi nisa. Mai Ruwa shi ya haƙa maɓuɓɓugar da ke bayan gada, kuma da sunansa ake kiran wurin har yau, an ma rubuta a allon tsayawar mota. Hanyar gangara ce. Jakin ya ga gangara ya tuna ƙuruciya. Katakon ya wuce shi ta gefe, ya juya, ya zubar da su ukun cikin dusar ƙanƙara a gindin allon. Jipar ta tashi tana tofar da ƙanƙara, ta ga ƙafafun surukarta biyu a sama, takalmi ɗaya ya fice.

"Ene, kin ji ciwo?"

"Rabu da ni. A karanta allon."

Ƙanƙara ta rufe rubutun. Jipar ta ɗaga yarinyar a kafaɗa, ta goge da hannun riga.

"Maɓuɓɓugar Tinali."

"Shida," in ji murya daga cikin bargo. "Nemo mini takalmina."

Ƙarfe huɗu da kwata suka shigo gida, hanci ja, ciki na ciwo don dariya. Akilai ta zauna a gaban murhu tana bitar shida ɗin kamar waƙa. Saura Na Can Sama.

"To Ene, shi kuma ina za mu same shi?" Jipar ta tambaya tana zuba ruwa a buta. "Akwai takwara? Ko wani dutse?"

Ene ta fara ƙirge. Tana zaune a kan barguna, leɓunanta na motsi, tana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ta kai na shida ta tsaya. Ta koma farko. Ta sake tsayawa a wuri ɗaya.

"Ya tafi," ta ce.

"Wa?"

"Na bakwan. Shekara hamsin da ɗaya ina gadin sa a baki kar ya fito. Yanzu na leƙa, ba kowa a ciki."

Ba ta faɗe shi da alhini ba. Kamar mai ba da labarin tunkiyar da ta ɓata ta faɗa. Amma ba ta ɗago ba.

Jipar ta san sunan. Mijinta ne ya jero mata su a daren farko, sau uku, yana tsokanar ta, kuma na ƙarshen ya fi zama mata saboda ya yi mata kama da sunan ɗan dambe. Yana nan daram a bayan haƙoranta. Agogo ya ce biyar saura ashirin. Akilai ta daina waƙa, tana kallon su ɗaya bayan ɗaya.

Ene ta miƙe da ƙyar. Ta ɗaure ɗankwali ya rufe kunnuwa, ta ɗauki bokitin tatsa.

"Saniyar nan tun ɗazu take kuka."

Saniyar ba ta yi kuka ba, kuma ba lokacin tatsa ba ne.

"Zan daɗe," ta ce daga bakin ƙofa. "In ana iska kunnena ba ya jin komai."

Ko ganye ba ya motsi a waje. Ta ja ƙofar.

Jipar ta durƙusa a gaban 'yarta. Ta buɗe baki, harshen ya ƙi tashi, sai ka ce an ɗora masa dutsen niƙa. Ta gwada a kunne, iska ce kawai ta fito.

"Me kika ce, Mama?"

"Shergazi."

Ya fito da ƙarfi fiye da yadda ta nufa. Ta kalli rufi. Rufin yana inda yake. Buta ta ci gaba da tafasa.

"Shergazi," ta sake cewa, don ta ji ɗanɗanonsa. Daga nan abin ya ƙwace mata. Ta gangaro ƙasa, Tinali, Jumakadir, Mambetkul, tana tafi, yarinyar na amsawa, har ta iso kan mijinta ta kira shi Esentur gatsau kamar ɗan da ta haifa, ta faɗi a kan barguna tana share hawayen dariya.

"Mama, lokaci."

Aka ɗora waya a kan tulun man shanu. Akilai ta tsaya ƙyam, hannu a gefe, ta jero bakwai ba tuntuɓe. Saƙon ya tafi biyar saura minti bakwai.

Ene ta dawo da bokiti wayam. Ta rataye shi, ta zauna, ba ta kalli Jipar ba.

"Zo ki karanta mini abin da kika tura."

Yarinyar ta jero. A na bakwai Ene ta lumshe ido ta gyaɗa kai.

"Shi ne. Ashe nan kusa ya ɓuya." Ta miƙa kofinta. "Gobe da safe ki sake faɗa mini. Jibi ma."

"Ai an gama, Ene. Kwana ashirin ne."

"Na malamarku ne ya ƙare."

Wayar ta yi ƙara a bakin taga. Muryar Malama Salkin ce, tana cewa Akilai ta zo da safar hannu ran Litinin, ƙararrawar da sanyi. Yarinyar ta yi ihu ta fita da gudu ba takalmi, ta gaya wa jaki.

Jipar ta tsiyaya wa surukarta shayi, ta miƙa da hannu biyu, kai a ƙasa, kamar kullum. Ene ta karɓa ta kurɓa.

"Ke ma zuba ki sha, kelin," ta ce. "Maƙogwaronki ya yi aiki yau. Har saniya ta ji."