Saniyar Malam Michel

A rumfar Bilya mai yadi, bayan babbar kasuwar Garoua, ake buga Sikirabul na Turanci kowace la'asar, wasan nan na jera haruffa a kan allo. Ba su da ƙamus, gara ta cinye shi tuntuni. Dokarsu ita ce, wanda ya ajiye baƙuwar kalma sai ya faɗi ma'anarta, mai sana'ar da ta shafa ya yanke hukunci. Wanda aka kama da ƙirƙira, ya bar tabarmar ke nan har abada.

Michel malamin makaranta ne, baƙo daga Bamenda, can yankin masu magana da Turanci. A shekarar da aka yi ta rufe kasuwanni ana zanga-zanga aka turo shi, kuma duk garin babu inda ake matsa masa ya zauna sai wannan tabarma. Ko a nan ma kallon gefen ido ake masa. Mutum kullum shi ke ci, kuma da kalmomin da ko Bature sai ya yi tari kafin ya furta? Bilya ya daɗe yana cewa ruwa ba ya tsami banza.

Ran nan Michel ya ajiye haruffa uku: DZO.

"Mece ce wannan kuma, Malam?" in ji Bilya.

"Saniya ce, Alhaji. Tana can duwatsun Asiya masu ƙanƙara. Uwarta saniya, ubanta wata dabba mai gashi buzu-buzu."

Idanu suka koma kan Hamadu, dillalin shanu da ya yi furfura a hanyar Meiganga. Ya tauna goro a hankali.

"Walaa. Babu wannan nagge. Na san jar saniya, na san fara. Saniya a ƙanƙara, me za ta ci?"

Michel ya san akwai ta sarai, har hotonta ya taɓa gani. Amma ya dubi fuskokinsu, ya ga ba saniya ake tuhuma ba. In ya nace, dattijo ya zama jahili a gaban jama'a, shi kuma ya zama maƙaryacin da suke jira. Tsoro ya kama shi, tsoron komawa ɗakinsa ya zauna shi kaɗai.

Ya miƙa hannu ya kwashe haruffansa.

"Pardon, Baba. Na ruɗe ne. Babu ita."

Bilya ya yi murmushi irin na wanda zarginsa ya tabbata.

"Kuskure ba ƙirƙira ba ne, zauna abinka," ya ce. "Amma daga yau muna duban hannunka."