Ƙafar Belmiro a Cikin Kofi

Ni Ermelinda, tun da aka fara gasar ɗanɗanon giya a garinmu ranar bikin Waliyyi Martinho ban taɓa fashin zama a teburin alƙalai ba. Ana kawo sabuwar jar giya daga nan yankinmu Douro, da ta yankin Dão, da ta yankin Alentejo, a zura kowace kwalba cikin baƙar safa don kada a san mai ita. Ka kurɓa, ka wasa baki, ka tofar a bokiti.

Kafin in ci gaba, bari in gaya muku labarin ƙafar mijina Belmiro. Cin ruwa ne ya kama masa tsakanin yatsu tun muna amare, wari kuwa ko kare ya shinshina sai ya yi atishawa. Ni nake haɗa masa magani da hannuna: kafur, tafarnuwa, man zaitun da ɗan kitsen akuya. Safe da yamma ina durƙushe ina shafa masa. Saboda ƙafar nan bai taɓa shiga kwamin dutse ya taya ni tattake inabi ba. Da kaka ta zo sai ya ɗauki kwalbar maganinsa ya tafi wankan ruwan zafi can Dão, wai likita ya ce. Ni da ƙannena mu yi ta fama har cinyoyinmu su yi jawur.

To, bana an zuba kofi na farko, tsami kamar an jiƙa tsamiya. Na biyu ruwa-ruwa. Na uku ba laifi. Ina kai na huɗu hanci sai na ji wani wari da na sani. Kafur. Na daure na kurɓa, sai ga tafarnuwa can ƙasan harshe, da wannan ƙarnin akuya da na fi sanin sa fiye da sunana. Tir!

Fausto mai kantin magani, shugaban alƙalai, ya lumshe ido yana juya kofi. "Kai, wannan akwai ƙamshin daji. Kamar iskar tsauni bayan ruwa. Yaya Ermelinda, me kika ji?"

"Ƙafa na ji," na ce.

Aka kwashe da dariya. Ni kuwa kunya ce ta rufe ni, don na ɗauka giyar gonarmu ce. Na ce a raina wato tsohon nan ya faki idona ya tsoma ƙazamar ƙafarsa a kwaminmu. Har wani ɗan tausayi ya tsarga min, na ce ƙila so ya yi ya rage min wahala a ɓoye. Na waiga na gan shi can baya yana ɓare gasasshiyar kastanya, wannan ƙwayar itace mai ɓawo, ko a jikinsa.

Kofi na huɗu ya ci gasa. Fausto ya zare safar, ya ɗaga kwalbar sama.

"Ta Dão ce! Gonar Dona Idalina!"

Wata mata mai jan gyale, wadda ban taɓa gani ba, ta taso tana rangwaɗa. "Na gode, na gode," ta ce. "Mu har yau da ƙafa muke tattakewa, ba ruwanmu da inji."

"Da ƙafar wa?" na ce.

Sai idonta ya kuɓuce mata ya tafi can baya, wajen mijina. Kastanya ta maƙale wa Belmiro a wuya.

"Linda, tsaya ki ji..." ya ce min.

"Rufe min baki, ɗan wankan ruwan zafi! Ni ina durƙuso ina shafa, wata tana samun mai tattake mata? Kuma ko wanke ƙafar ba ka yi, don rashin ta-ido? Ka sa duk garin nan sun sha yatsunka!"

Sai ga alƙalai suna rige-rigen bokiti. Fausto, mai iskar tsauni, shi ya fara kelaya amai.

Ba ƙazantar ce ta fi ci min rai ba, wallahi. Ƙafar da ta iya taka inabi ce, shekara da shekaru, ba ta taɓa taka nawa ba. Na buɗe jakata na ciro sabon haɗin da na yi masa da safe, na danƙa wa Idalina a hannu.

"Safe da yamma, tsakanin yatsu," na ce mata. "A durƙushe ake yi. Ga mai ƙafar can, ki haɗa da shi."