Kafaɗa Ɗaya Ga Makarar Inna

Sughra na durƙushe a bayan ɗaki tana juye ruwan jakar mijinta a tsohon kwano, kore shar mai kauri, sai ta ji Baffa Manzur yana kwaɗa kira daga tsakar gida.

"Liyakat! An gama yi wa uwarka wanka. Ko sai an aiko maka da 'yan rakiya?"

Tun ranar da tirelar rake ta matse mijin nata Liyakat da bango hantarsa ta tsage. Likitocin birnin Multan ba su yanka shi ba. Sun ce hanta na haɗe kanta, ruwan maɗaciya ne kawai ke yoyo cikin ciki. Suka zura masa 'yar roba ta maƙogwaro don ruwan ya koma hanyarsa, suka huda haƙarƙari suka sa wata mai zubarwa cikin jaka. Suka sallame shi da kashedi: ko tulu kada ya ɗaga. Yana dawowa gida uwarsa ta faɗi, ta cika.

Mutanen ƙauye kuwa, ciwon da ba a ga ɗinki ba, ba ciwo ba ne a wurinsu.

"Baban Sakina, kada ka ɗauka," in ji Sughra, tana ɗaure masa jakar a ƙugu ƙarƙashin riga. "Ka bi su a baya. Wa zai ce ba ka je ba?"

"Kowa."

Baffa ya leƙo, rawaninsa a karkace. "Me take raɗa maka? Ni da aka farke ni daga nan zuwa nan, da ɗinkina na ɗauki ubanka. Kai allura suka soka maka, kake tafiya kamar mai jego. Ɗanta ɗaya tilo, baƙi su kai ta rami?"

"Baffa, likita ya ce..."

"Likitan ne ya shayar da shi? Ke, koma cikin mata."

Liyakat bai dubi kowa ba. Ya sa takalmi. Daga bakin ƙofa, inda iyakar mata take, Sughra ta ga ya sunkuya ya sa kafaɗar dama ƙarƙashin gadon igiya da aka shimfiɗe tsohuwar a kai. Da suka miƙe, fuskarsa ta yamutse. Wani maƙwabci ya matso zai karɓe shi, ya girgiza kai. Haka suka ɓace cikin gonakin rake suna kalmar shahada.

Da la'asar suka dawo. Maƙwabta sun kawo shinkafa da wake, don ba a hura wuta a gidan rasuwa. Liyakat ya shige ɗaki ya kwanta, gumi na tsattsafo masa. Sughra ta ɗaga rigar. Robar haƙarƙarin ta zamo waje kusan taƙi guda, jakar kuma fayau, ko ɗigo babu.

Baffa ya biyo su da faranti a hannu. Ya ga jakar, ya tafa cinya.

"Allahu Akbar! Ku zo ku gani! Ya ɗauki uwarsa, ruwan ya ƙafe. Albarkar uwa kenan, ba robar Multan ba."

Maza suka cika ƙofa suna Masha Allah. Liyakat ma ya yi ɗan murmushi, haƙoransa na kaɗawa.

Sughra ta ɗora tafin hannu a cikinsa. Tauri kamar allo, zafi kamar tanda. Ta ɗan danna, ya ƙanƙame gefen gado. Ita ta yi jinyarsa, ta san ruwan nan bai ƙafe ba. Hanyar fita ya rasa.

"Baffa, a nemo mota."

"Mota? Mai gida ya bar zaman makoki, masu gaisuwa su gaishe da wa? Bayan addu'ar uku sai ku je ku nuna musu ikon Allah."

Ya koma kan tabarma, mazan suka bi shi. Sughra ta tsaya tana jin ƙarar farantai. Sannan ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ratsa tsakiyar mazan nan, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan. Hira ta tsaya cak. Babu wanda ya tashi, babu wanda ya tambaye ta. Ta bi hanyar titi ita kaɗai, tana addu'ar direban da za ta samu ya zama baƙo, wanda bai san Baffa Manzur ba.