Fuskar da Ta Rage Bayan An Sare Waya

Kun gani. Ranar da aka ja Ridwanu masunci a ƙasa tun daga bakin kogi har gindin tsamiyar kasuwa, kuna nan. Wani yana auna tattasai, wani yana ɗinke buhun shinkafa, kowa ya ji ƙarar gora a kan ƙashi, kowa ya mai da ido kan abin da ke gabansa. Tunda kun ƙi kallo, sai ku saurara.

Akwai wata ƙofar ruwa a kan reshen kogi tsakanin Nguru da Gashuwa. In an buɗe ta, ruwa ya gangara gonakin shinkafa. In an rufe, ya kwanta a fadamar masunta. Mai riƙe da makullinta wani dattijo ne da ake kira Ba Modu Zarami, wanda ba ya buɗe wa kowa sai ranarsa ta zo. Fauziyya, wadda ta karanci harkar ruwa a jami'a, ta kafa kyamara da 'yar kwamfuta masu aiki da sola a ɗakin gadinsa, don su riƙa ɗaukar tsayin ruwa.

"Ɗiyata," in ji Ba Modu, "wannan idon naki ko gyangyaɗi ba ya bari in yi cikin sirri."

Ranar Talata bayan azahar aka tsince shi kwance cikin jini. An fasa masa kai, an kakkarya yatsun da ya damƙe makulli da su. An sare wayar sola da adda. Ƙofar tana rufe.

Abbo, mai gonar shinkafa mafi girma a yankin, shi ya fara ɗaga murya. "Jiya kowa ya ji Ridwanu yana cacar baki da tsohon nan. Ga ƙofa a rufe. Wa rufewarta ke yi wa daɗi in ba masunta ba?"

Ba wanda ya nemi ƙarin bayani. Matasa suka ɗauki gorori.

Fauziyya ba ta bi su ba. Ta shiga ɗakin gadi, ta tsallake jinin, ta kwance kwamfutar ta zare ma'ajin bayanai da ake kira SSD, ɗan falle da bai kai tafin hannu ba. Ta san halinsa. Duk hoton da aka miƙa masa, sai ya fara riƙe shi a wani wurin wucin gadi kafin ya rubuta shi inda zai dawwama. A irin na banza, in wuta ta yanke, abin da ke riƙe ya zube, wani lokaci har taswirar da ke nuna inda komai yake ta hargitse. Wannan kuwa yana da 'yan kafasito jere kamar ƙwayar wake, masu ɓoye wutar da ba ta kai ta ƙiftawar ido ba. Da ya ji wuta na janyewa, sai ya daina karɓar sabo, ya yi amfani da ragowar ya rubuta abin da ke hannunsa, ya adana taswirar, sannan ya mutu. Abin da bai iso gare shi ba ya tafi. Abin da ya iso yana nan.

Ta jona shi da laftof ɗinta. Ga mutum uku, fuskoki a naɗe da rawani, suna jibgar tsoho yana ƙin sakin makulli. Da suka ga ya daina motsi sai biyu suka ruga. Na ukun ya matso da adda, ya rasa wace waya zai sara, ya ja rawanin ƙasa don ya gani da kyau. Hoton ya tsaya a nan.

Ko da ta isa kasuwa a kan babur, an riga an rataya wa Ridwanu taya a wuya. Hannunsa na dama yana lilo ta inda babu gaɓa. Wani yana buɗe jarkar fetur.

"Kawu Abbo," ta ce, "ka tsaya mutane su ga hoton ƙofar ruwa."

"Ke 'yar boko, an sare wuta, komai ya goge. Koma ki auna ruwanki."

"To ai ba abin tsoro ke nan, Kawu."

Ta ɗora laftof ɗin a kan buhu. Hadijatu, matar Ba Modu, ta kutsa gaba, ta kalli yadda aka kashe mijinta har zuwa fuskar ƙarshe.

"Abbo," ta ce a hankali. "Da hannunsa ya yanka ragon sunanka."

Gororin nan dai, masu jinin Ridwanu, suka juya. Ta farko ta sauka a bakin Abbo, haƙora suka zubo. Mai jarka ya matso. Fauziyya ta faɗa tsakani, gora ta same ta a kafaɗa, ta durƙusa, ta ƙi matsawa.

"Ɗazu ma haka kuka tabbata," ta ce. "Ku kai shi gaban alƙali."

Hadijatu ta zo ta tsaya kusa da ita. Da haka 'yan sanda suka tarar da su.

Abbo yana tsare, hoton ya isa shaida a kansa. Ridwanu yana raye a asibiti a Nguru, amma hannun da yake jefa birgin kamun kifi da shi ba zai sake ɗaguwa ba. Babu kyamara a gindin tsamiya. Sau biyu ana zama a kotu a kan waɗanda suka karya shi, sau biyu Fauziyya tana waiwaya bencin shaidu ta ga babu kowa.

Ɗan fallen nan, da wutar ƙiftawar ido, ya riƙe abin da aka ba shi. Ku kun yi awa guda kuna tsaye da idanu biyu. Kun san wanda ya kawo tayar, kun san mai jarkar. Za a sake zama ranar Litinin da ƙarfe tara. Ku rufe rumfunanku, ku je, ku faɗi sunayen.