Motar da Ba Ta Rawa a Gaban Mai Ita

Shekara tara Tukur yana tuƙa wa Hajiya Rahamatu mota, ba ta taɓa kiran sa maƙaryaci ba sai ranar Talatar nan. Hajiya 'yar kasuwar hatsi ce a Kurfi, motar kuwa tsohuwar a-kori-kura ce mai ja da ƙafa huɗu. Tun bayan kaka motar ta tsiri wani hali: da ta kai gudun sittin sai bayanta ya ɗauki karkarwa har kujera ta riƙa dukan ƙugun mutum. An canza tayoyin baya, an canza kuros ɗin farfela, wato mahaɗin sandar ƙarfen da ke juya tayoyin baya, abu yana nan. Abin haushin, duk ranar da Hajiya ta shiga, motar sai ta yi lumui kamar ba ita ba.

"Tukur, ko dai kai da kanikawa kuke cuta ta?" in ji ta, a gaban masu dako. "Yau mu je wurin Malam Ilu. In bai ga komi ba, ka nemi wani aikin."

Maganar ta yi wa Tukur ciwo ƙwarai. Amma ko a cikin ciwon, abin da ya fi cin sa shi ne son sani: ta yaya ƙarfe zai san mai shi?

Suka iso Dutsin-Ma da buhu goma sha biyu na gero, mota ko gezau. Malam Ilu bakanike ne mai sanyin jiki, irin mutanen da za su sa ka yi hamma kafin su ɗauki sifana. Bai ko leƙa ƙarƙashi ba. Ya jawo benci ya ce Tukur ya zauna.

"A sitiyari kake jin ta ko a mazauni?"

"A mazauni, Malam."

"To, daga baya ne. Da wane lokaci?"

"Da safe, in zan shiga ƙauyukan Rawayau. Na ce ko sanyin safiya ne."

"In za ka dawo fa?"

"Lafiya lau."

Ilu ya juya wajen Hajiya. "Ke kuma yaushe kike shiga?"

"Ranar kasuwa. In kawo hatsi, in koma da taki ko gishiri. Ni ba na ƙona mai a kan iska."

Tukur ya ji wani abu ya motsa a kansa. Ya dubi buhunan, ya dubi Ilu. "Malam, ai da safe ba komi a bayanta."

"Yauwa," in ji Ilu. "A sauke geron nan."

Hajiya ta yi mita, ta ce dakon wa zai biya, amma aka sauke. Su uku suka cusa a gaba, Tukur ya hau kwalta. Arba'in, shiru. Hamsin, shiru. Gumi ya fara tsattsafo masa, don ya san idan motar ta sake yi masa wannan wulaƙanci, shi ke nan. Allura na taɓa sittin sai ga karkarwar ta taso daga baya, madubi ya ɗauki rawa, awarwaron Hajiya suka hau kaɗawa da kansu. Ta dafe gaban mota da hannu biyu.

"Kai, tsaya. Haka take yi?"

"Kullum, Hajiya."

Ilu bai gamsu ba tukuna, shi ma son sanin ya kama shi. Suka koma gareji, aka ɗora buhu huɗu, rawar ta ragu. Aka ɗora takwas, ta ɓace. Sai a lokacin ya shimfiɗa kwali ya kwanta a ƙarƙashi, ya kira Tukur ya kwanta kusa da shi, ya sa shi ƙirga ganyen sifirin, faifayen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin baya. Uku daga ciki baƙinsu daban ne, sababbi.

"Ka gani? An ƙara sifirin don ta ɗauki kaya, bayan motar ya ɗaga. In ba kaya, farfela tana juyawa a karkace, sai ta yi ta fizga. In kaya ya danne ta, sai ta miƙe daidai. Ba abin da ya lalace. Ko a zare ganye biyu, ko in sa mata 'yar weji, ɗan ƙarfen tokari, ta gyara zaman." Ya ɗaga murya daga ƙarƙashin. "Wa ya sa aka yi ƙarin nan?"

Tukur ya san amsar. Shi ya kai motar wurin mai walda a Kurfi, bayan ya ce a bari an ƙi. Ya tsura wa ƙafafun Hajiya ido daga inda yake kwance.

"Ni ce," ta ce.

Tukur ya fito yana kakkaɓe riga, ya nufi sauran buhunan zai taya lodi. Hajiya ta ce ya bari. Suka isa Kurfi da la'asar. A ƙofar sito masu dakon nan na safe suka taso za su sauke kaya, ta ɗaga musu hannu suka tsaya.

"A gabanku na faɗa, a gabanku zan janye," ta ce. "Tukur bai cuce ni ba. Tukur, ka yafe mini."