Sunan 'Yar Fari

"Gaya masa! Ki ce shekara huɗu fasfona yana akwatin kafil, ubangidan da nake aiki a ƙarƙashinsa. Ki ce gwiwata ta gama aiki, Damagaram nake so na koma!"

Zouera ta buga tafin hannu a kan teburin ofishin koken ma'aikata. 'Yarta Shafa'atu, mai yi mata tafinta, ta sunkuyar da kai, ta yi wa jami'in Larabci a hankali. Maganar uwar ta cika kwando, ta 'yar ko cokali ba ta cika ba.

Shekara ashirin da shida Zouera tana goge tayil a gidajen Larabawan unguwar Malaz. Ba ta iya Larabci ba, amma abin da 'yar ta faɗa kam ta san shi, don da shi aka yi ta sallamarta: ma fi mushkila. Ba matsala.

Jami'in ya yi murmushi, ya rufe fayil.

* * *

Matan Hausawan unguwarsu ta Shumaisi sun sha yi wa Zouera faɗa. Ina aka taɓa kiran sunan 'yar fari gatsal, ba kunya? Ita kuwa ta ce a ƙasar da ba uwa ba dangi, kunyar me? Ta mai da yarinyar ƙawa. Kwano ɗaya suke ci, sirrinta duk a kunnen Shafa'atu yake.

Da suka fito bakin titi, cikin ranar da ke soya kwalta, Zouera ta tsaya.

"Me kika ce masa?"

"Inna, mu je gida tukuna."

"Jaka kika ɗauke ni? Na ji ki!"

"Wallah iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, a hannun kafil ɗin take. In ya fusata, har ni za a kora. Me na sani a Damagaram? Nan aka haife ni. Ke fa ƙawata ce, na ɗauka za ki gane."

"Ƙawa takan tambaya kafin ta yanka mutum."

Zouera ta so ta ƙara da ashar, ta ji ko shi ma ya yi mata nauyi.

* * *

Da la'asar ta dafa shinkafa da wake. Ta daɗe a tsaye tana kallon babban kwanonsu, sannan ta jawo ƙanana biyu daga ƙasan kabad, ta wanke musu ƙura.

Shafa'atu ta shigo da man zafi a hannu. "Inna, kawo gwiwar."

Zouera ta tura mata kwano ɗaya da ƙafa, idonta a bango.

"Ke, wance. Ga naki."